Sabuwar Jita Mai Tabo: A Mayar Ko A Riƙe?

Uwargida, in kin saya wa 'yarki 'yar makaranta sabuwar jita ta katako, kada ɗan ƙarzane a fenti ya tayar miki da hankali. Ba ya taɓa sauti, sai dai ki nemi ragin kuɗi.

Abin tsoro shi ne tsaga. Ki danna gefen layin a hankali. In katakon ya motsa, to ya tsage ne, kuma iskar hunturu za ta ƙara buɗe shi. Ki duba ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyin nan 6. In takarda tana shiga ƙarƙashinsa, gam ya fara saki. Ki mayar da ita tun rasit na hannunki, kafin mai kanti ya ce yarinyar ce ta yar da ita.