Hamlet: Mai Haƙƙin Jini da Ba Shi da Alƙali

Daga cikin wasannin kwaikwayo da marubucin Ingila Wiliyam Shekspiya ya bari kafin rasuwarsa a 1616, da wuya a sami wanda malamai suka fi yin muhawara a kansa kamar Hamlet, wanda ya rubuta wajen shekarar 1600, aka kuma fara buga shi a Landan a 1603. Asalin hikayar ba tasa ba ce, domin wani malamin tarihi na ƙasar Danmak mai suna Sakso ya rubuta ta tun wajen 1200, kuma mutanen Landan sun riga sun saba da wasannin ɗaukar fansa tun sa'ad da Tomas Kid ya fito da nasa game da Hiyeronimo, alƙalin Sifaniya wanda aka kashe masa ɗa, ya nemi adalci a fada bai samu ba.

A cikin wasan, Sarkin Danmak ya rasu, aka yi shela cewa maciji ne ya sare shi yana barci a lambu, sai ƙanensa Kilodiyus ya hau gadon sarauta, ya kuma auri matar marigayin, Gatrud, tun ba a cika wata biyu ba. A shari'armu auren matar ɗan'uwa bayan ta gama takaba halas ne, amma a dokar coci ta wancan zamani haramun ne, shi ya sa Yarima Hamlet yake kallon auren mahaifiyarsa a matsayin ƙazanta tun kafin ya san an zubar da jini. Ana cikin haka fatalwar uban ta bayyana masa da tsakar dare a bisa ganuwa, ta ce Kilodiyus ne ya ɗiga masa guba a kunne, ta kuma ɗora masa nauyin fansa.

Mutane da yawa sukan zargi Hamlet da ragwantaka saboda jinkirin da ya yi, amma ni a ganina wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Wanda ya san babin ƙisasi ya san cewa waliyyin jini ba ya zartar da hukunci da kansa, sai ya kai ƙara gaban mahukunta, a kawo shaidu, a tabbatar da hujja. To, ina ɗan da zai kai ƙara alhali wanda ake tuhuma shi ne sarkin, shaidarsa ɗaya tak kuwa fatalwa ce, wadda shi kansa yake shakkar ko Shaiɗan ne ya ɗauki siffar ubansa domin ya halaka shi? Saboda neman yaƙini ne ya ɗauki rigar tabin hankali, ya kuma sa 'yan wasan da suka sauka a fada su kwaikwayi irin wannan kisa a gaban sarki, yana lura da fuskarsa, har sarki ya miƙe a firgice yana kiran a kawo fitilu.

A daren nan ne aka zo wurin da ya fi kowane nauyi a cikin wasan. Kilodiyus ya kaɗaita, ya durƙusa yana son ya nemi gafara, amma harshensa ya yi nauyi, domin ya san rawani da matar da ya yi kisan dominsu har yanzu suna hannunsa, kuma ba shi da niyyar sakinsu, alhali mayar da haƙƙi sharaɗi ne na tuba. Hamlet ya shigo ta bayansa, takobi zare, babu dogari ko ɗaya a kusa, sai ya mayar da takobin kube. Ba tausayi ne ya hana shi ba. Ya yi zaton idan ya kashe shi yana addu'a Aljanna zai tura shi, shi kuwa so yake ya riske shi cikin saɓo don ya dawwama a wuta. A nan ne zuciyata take rabuwa da shi, domin wanda ya fara da neman haƙƙin ubansa ya kai ga son ya yi hukunci a kan lahirar wani, abin da ba na ɗan Adam ba ne.

Bai fi ɗan lokaci kaɗan ba kuma, a ɗakin mahaifiyarsa, mutumin da ya yi ta neman hujja ya ji motsi a bayan labule, ya soka takobi ba tare da ya duba ba, sai ga gawar Foloniyus, dattijon fada, wanda ba shi da hannu a kisan sarki. Da wannan sara Hamlet ya zama abin da yake farauta. 'Yar dattijon, Ofiliya, wadda Hamlet ya taɓa nuna wa ƙauna sa'an nan ya wulaƙanta, hankalinta ya gushe har ta faɗa rafi ta nutse, ɗan dattijon, Layatis, kuwa ya dawo daga Faransa a fusace, bai tsaya bincike ba, sai Kilodiyus ya same shi cikin sauƙi ya mayar da shi makami, suka shirya gasar takobi, aka shafa guba a bakin takobin, aka zuba wata a ƙoƙon sha.

Gatrud ce ta sha ƙoƙon da aka tanadar wa ɗanta, takobin kuma ya sami Hamlet da Layatis duka biyu, sai da Layatis ya tona asiri yana gargarar mutuwa sa'an nan Hamlet ya kashe sarki a bainar jama'a. Rayuka da dama ke nan suka salwanta a kan jinin mutum ɗaya. Sarautar Danmak kuwa ta faɗa hannun Fotinbiras, yariman Norwe, wanda mahaifin Hamlet ya kashe nasa uban a fagen fama, shi Fotinbiras ɗin ya taɓa tara mayaƙa don ƙwato ƙasar da suka rasa, baffansa ya tsawata masa, ya janye.