Wanda Bai Shiga Zango Ba Bai Ga Akra Ba

Daga Wakilinmu

Sau da yawa ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi daga Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu yakan sami damar zuwa Akra, babban birnin ƙasar Gana, domin halartar taro ko ƙaro ilmi. Yakan sauka a otel, a ɗauke shi a mota zuwa zauren taro, a kai shi kabarin Kwame Nkrumah ya ɗauki hoto, sa'an nan ya komo gida yana cewa ya ga Akra. Alhali kuwa bai san cewa ƙasa da tafiyar rabin sa'a daga masaukinsa akwai unguwannin da ake ciniki da wa'azi da Hausa, waɗanda tarihinsu ya haɗe da goron da ake rabawa wajen suna da ɗaurin aure a Mada ba.

Yadda goro ya kai mu bakin teku

Tun zamanin kakanni fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, su komo da goron kurmin Asante. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, sai 'yan kasuwarta suka watsu, waɗansu suka gangara Akra, wadda Turawan Ingila suka mayar hedkwatar mulkinsu a 1877, wadda kuma tsofaffin fatakenmu ke kira Ankara. Daga nan goro ya koma bin teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya hauro da shi Arewa. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma kan gyaɗa. Da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, sai ƙasar Gusau ita ma ta shiga cikin wannan hanya.

Baƙin da suka zauna su ne suka kafa zanguna. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, a kan filin da sarakunan Ga, wato ƙabilar da ke da garin, suka ba shi. Daga baya Nima ta tashi, wadda ake danganta kafuwarta da wani mai fataucin shanu, Malam Futa. A waɗannan unguwanni Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Badagombe duk Hausa ce ke haɗa su, ko da yake Hausar tasu ta ɗan saɓa da tamu, domin ba ta cika rarrabe namiji da mace a magana ba.

A fara da motar haya

Mazauna Akra ƙananan motocin haya da suke kira torotoro suke shiga. Yaron mota yana leƙe ta taga yana kiran sunan unguwa, hannunsa kuma yana yin ishara. In ka ga yana juya yatsa kamar mai zana da'ira, to, motar za ta babban shataletalen Kwame Nkrumah ne, inda hanyoyin gari suka haɗu. Wanda ya riƙe ƙananan kuɗin sidi a aljihu ya bi waɗannan motoci kwana biyu zai fahimci shimfiɗar birnin fiye da wanda ya yi wata guda ana yawo da shi a motar ofis.

Haka nan abinci. Da sassafe za ka ga ma'aikata sun yi layi gaban mai koko da ƙosai, kuma ko waɗanda ba su jin Hausa, kokon Hausa suke kiransa. Shinkafa da wake kuwa, wadda ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, ta zama abincin kowa da kowa, sunanta ma daga kalmarmu ta wake ya samo asali. Tuwon zafi shi ma yana nan da sunansa. Amma baƙo kada ya tsaya kan abin da ya saba kaɗai. Ya ɗanɗana komi, wato tuwon ƙullun masara mai tsami na mutanen Ga da ake naɗewa cikin ɓawon masara, a ci da soyayyen kifi da yajin da suke kira shito.

Masu gari da al'adunsu

Daga kasuwar Makola, wadda mata ke riƙe da ragamarta, sai a gangara tsohon gari, wato Jamestown, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take. Nan ne ganuwar da Turawan Holan suka gina a 1649 da ta Turawan Ingila ta 1673 suke tsaye, waɗanda suka ga cinikin bayi da idonsu. Ƙarƙashinsu masunta ke ja da kwalekwalensu bakin gaɓa. Mai son ganin fitowar kifi kada ya je ranar Talata, gama bisa al'ada ba a shiga teku a ranar. Kusa da nan unguwar Bukom take, matattarar 'yan damben zamani, inda sunan Azumah Nelson, wanda ya zama zakaran duniya a 1984, yake a bakin kowane yaro. Ɗan Zamfara da ya tashi yana kallon dambe bayan kaka ba zai rasa abokin hira a can ba.

Wajibi ne kuma baƙo ya san cewa kafin bikin Homowo na mutanen Ga akan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda, kuma dokar takan shafi kowa. Ranar Juma'a sai a nufi Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, gab da Nima, wanda aka gina da taimakon wata gidauniya ta Turkiyya aka buɗe a 2021. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin ƙasar a 1993, ya halarci taron Ista a wani cocin Katolika na Akra a 2019, lokacin da ya cika shekara 100, domin ƙarfafa zaman lafiya tsakanin mabiya addinan biyu.

Zama da maƙwabci

Wannan zumunci ya taɓa gamuwa da jarrabawa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, zanguna suka yi asarar mutane da dukiya, har da waɗanda a can aka haife su. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi marasa takardu, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Gana ba tare da biza ba har kwana 90, amma sai da takardar tafiya ingantacciya da katin rigakafin shawara.

Saboda haka mai niyyar zuwa, ko ta sama ko ta hanyar Kwatano da Lome zuwa kan iyakar Aflawo, ya cika takardunsa tun daga gida. In ya isa, ya nemi mai masauki a zango kamar yadda fatake ke yi, ya gai da limamin unguwa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowa, ya kuma koyi gaisuwa ko da guda ɗaya ce da harshen Ga. Masu iya magana dai sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, amma baƙon da ya girmama masu gida shi ake nuna wa lungun da ba a nuna wa kowa.