Sabunta Manhaja Ba Ya Mayar Da Mota Direba

Ya kamata a daina yaɗa bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp da TikTok, inda ake nuna mutum ya harɗe hannu a ƙirji, ko ya kwantar da kujera yana gyangyaɗi, mota kuma tana sharara gudu a kan babbar hanya. A ƙasan bidiyon sai ka ga an rubuta wai kamfani ya aiko da sabuwar manhaja cikin dare, yanzu motar ta gama koyon tuƙi. Masu kallo su yi ta jinjina wa fasahar Turawa da 'yan China, babu mai tambayar wanda za a kama idan motar ta banke wani. Maganar da ke ƙarƙashin bidiyon ƙarya ce mai kisa. Sabunta manhaja yana sauya halin mota ƙwarai, wani lokaci ya gyara, wani lokaci ya ɓata, amma bai taɓa ɗauke nauyin tuƙi daga wuyan wanda ke zaune a bayan sitiyari ba.

Bayanin fasahar ba shi da tsawo. Injiniyoyin mota sun kasa sarrafa kai gida shida, daga mataki na 0 zuwa na 5. Autopilot da FSD na Tesla, da BlueCruise na Ford, da Super Cruise na General Motors, da mafi yawan abin da kamfanonin China irin BYD da Xiaomi ke sayarwa, duk a mataki na 2 suke: mota tana riƙe layi, tana ƙara gudu, tana taka birki, mutum kuma idonsa na kan hanya, alhakin komai na kansa. Sabuntawar kuwa ta intanet take sauka kamar yadda take sauka a waya, motar tana ajiye a gida, ba tare da bakanike ya taɓa ta ba.

Babu mai musun amfanin wannan. A watan Mayun 2018 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada birkin Tesla Model 3, ta tarar sai motar ta ci kusan mita 46 kafin ta tsaya daga gudun kilomita 97 a awa, tazarar da ta zarce ta babbar a-kori-kura ta Ford. Cikin kwanaki kamfanin ya aika gyara ta intanet, tazarar ta ragu da kimanin mita 6. Da a zamanin da ne, sai kowane mai mota ya kai ta gareji. To amma mai hankali ya tsaya ya duba abin da labarin ke nunawa. Ƙofar da ta bari aka gyara birkin dubban motoci a dare ɗaya, ita ce dai ƙofar da za a bi a ɓata shi a dare ɗaya. Kuma an ɓata ɗin. A ranar 23 ga Oktoban 2021 Tesla ta saki FSD Beta mai lamba 10.3; washegari direbobi suka fara kuka cewa motocinsu na ƙara suna cewa za a yi karo alhali hanya fayau, wasu ma suna danna birki da kansu a tsakiyar titi. Dole kamfanin ya janye ta, ya mayar da mutane kan tsohuwar, sannan aka yi wa motoci 11,704 kiranye a hukumance. A Fabrairun 2022 aka sake kiranyen motoci kusan 54,000, saboda wata sabuntawa ta ba su damar silalewa su wuce alamar tsayawa da gudun da ya kai kilomita 9 a awa ba tare da sun tsaya cak ba. A Fabrairun 2023 kuma motoci sama da 362,000, saboda yadda suke shiga mahaɗar hanya, da wuce danja tana rawaya, da rashin kiyaye iyakar gudu. Duk waɗannan sababbin manhajoji ne a ranar da suka sauka, kuma an tallata su a matsayin ci gaba.

Wanda ya ɗauka lamba mafi girma tana nufin mota mafi wayo bai san yadda ake gina waɗannan manhajoji ba. A farkon 2024 Tesla ta fitar da FSD ta 12, ta ce ta maye gurbin layukan umarni sama da 300,000 da mutane suka rubuta da ƙirƙirarriyar basira wadda ta koyi tuƙi daga miliyoyin gajerun bidiyon direbobi. Tuƙin ya yi laushi, ya fi kama da na mutum, wannan gaskiya ne. Sai dai irin wannan tsari ba shi da shafin da injiniya zai buɗe ya ga dokar da ta ce a yi kaza a kwana kaza. Idan aka sake horar da shi don ya ƙware a shataletale, yana iya sauya yadda yake bi da mai keke ko yadda yake canza layi, ba tare da kowa ya nufi hakan ba. Garin neman gira ana iya rasa ido. Shi kuma direba abin da yake taƙama da shi shi ne ya san motarsa: ya san kwanar da take rikicewa, ya san gadar da inuwarta ke sa ta taka birki. Sabuntawa tana share wannan sanin ba tare da ta gaya masa ba. Tamkar direban da ke koya wa yaron mota tuƙi ne, ya laƙanci duk inda yaron ke kuskure, sai a wayi gari an kawo masa wani yaron mai fuska iri ɗaya da murya iri ɗaya, amma kurakuransa daban.

Akwai kuma iyakar da manhaja ba ta tsallakewa, wato idon da aka dasa wa motar. A watan Mayun 2021 Tesla ta daina sa na'urar rada a Model 3 da Model Y na Arewacin Amurka, ta dogara ga kyamara kaɗai, daga baya ta kashe radar da ke jikin wasu tsofaffin motocin ta hanyar sabuntawa. Zuwa Fabrairun 2022 hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan motoci kimanin 416,000 bayan ƙorafi 354 na birkin ba gaira ba dalili a kan babbar hanya. Cikin 'yan watanni ƙorafin ya haura 750. A Oktoban 2024 hukumar ta sake buɗe wani binciken a kan motoci miliyan 2.4, bayan haɗurra huɗu da suka auku lokacin da hasken rana ya dallare kyamara, ko hazo ko ƙura suka rufe hanya. A ɗaya daga ciki an kashe mai tafiya a ƙasa a jihar Arizona. Wanda ya san yadda hazon hunturu ke rufe hanya tsakanin Kano da Damagaram ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Kwamfutar da ke cikin motar ma tana tsufa. Tesla ta sayar da motoci shekara da shekaru tana cewa suna da duk kayan da ake buƙata don tuƙa kansu wata rana, sai ga shi a Janairun 2025 shugaban kamfanin, Elon Musk, ya amsa cewa sai an canza kwamfutar ƙarni na uku a motocin waɗanda suka sayi FSD. Alkawarin da aka rataya a kan sabuntawar gobe ya zo ya ci karo da ƙarfe.

Za a ce to ai duk da tuntuɓe, idan aka duba shekara goma, tsarin ya fi da kyau nesa ba kusa ba, kuma Tesla na fitar da alƙaluman da ke nuna haɗari ya fi ƙaranci idan Autopilot na aiki. Kashi na farko gaskiya ne. Na biyun yana da rami, domin Autopilot a manyan hanyoyi aka fi kunna shi, inda dama haɗari ya fi ƙaranci a kowace kilomita, sannan a gwada shi da tuƙin kowa da kowa a kowace irin hanya da kowace irin tsohuwar mota. Babban abin ma ba nan yake ba. Tsarin da ke kuskure kowane minti goma ba ya barin direba ya saki jiki. Wanda ke yin wata guda bai yi kuskure ba shi ne ke koya wa mutum ɗaukar waya, kuma ranar da zai yi kuskuren, ba ya sallama. Cibiyar binciken lafiyar hanya ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta tambayi masu irin waɗannan motoci a 2022: kashi 53 cikin ɗari na masu Super Cruise da kashi 42 na masu Autopilot suka ce ba su ga laifin ɗaukar motarsu a matsayin mai tuƙa kanta ba. A Afrilun 2024 NHTSA ta kammala duba haɗurra 956, ta ce aƙalla 13 daga cikin waɗanda aka rasa rai, sakacin direba da tsarin ya bari ya auku yana da hannu a ciki. A watan Disamban 2023 an riga an yi wa motocin Tesla sama da miliyan 2 kiranye don ƙara musu gargaɗi ta intanet, sai hukumar ta sake buɗe bincike a kan gyaran kansa, saboda an samu wasu haɗurra 20 a motocin da aka riga aka sabunta.

Mai cewa ai zan karɓi sitiyari idan ta rikice, ya dubi abin da ya faru a lardin Anhui na China a daren 29 ga Maris, 2025. Wata motar Xiaomi SU7 tana gudun kilomita 116 a awa da tsarin taimakon tuƙi, ta iso inda ake gyaran hanya aka karkatar da motoci. Ta yi gargaɗi, direbar ta karɓa, amma tsakanin gargaɗin da karon da shingen kankare bai wuce sakan 4 ba. Ɗalibai mata uku suka rasu. A wannan gudun mota na cinye mita 32 kowane sakan. Wanda idonsa ke kan waya kafin ya ɗago ya fahimci inda yake, aikin gama ya gama. Makonni kaɗan bayan haka gwamnatin China ta hana kamfanoni tallata motoci da kalmomi irin su "mai tuƙa kanta", ta kuma tsaurara sharuɗɗan aika sabuntawar taimakon tuƙi ga motocin da ke hannun jama'a. Abin takaici shi ne wasu direbobi a Amurka da Turai gunaguni suke idan sabuntawa ta ƙara musu tsaro, wai motar ta cika mita, har akwai masu rataya nauyi a sitiyari don ta ɗauka hannu ne. Mai yin haka ba wayo ya yi ba. Ya ɗauki ran ɗan wani da ke tsallaka titi ya sa a caca don ya samu damar duba saƙo, kuma mai ran bai ba shi izini ba. Tabbas lalatattun taya, da gogaggen fentin hanya, da gudun wuce sa'a suna da nasu kason a haɗurra, amma waɗannan tsofaffin matsaloli ne da kowa ya sani.

Abin yi ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Idan sanarwar sabuntawa ta fito a allon mota, a karanta bayanin da ya zo da ita kafin a danna amincewa, musamman duk layin da ya ambaci birki, ko canza layi, ko iyakar gudu, ko kyamarar da ke kallon fuskar direba. Kada a saukar da ita a daren da za a yi doguwar tafiya da iyali washegari; a bari sai ranar da babu gaggawa, mota na ajiye, batir da caji wadatacce. Idan sabuntawar ta kiranye ce don gyara wani haɗari, wannan kam ba a jinkirta ta. Wadda kuwa ta zo da sababbin dabaru, babu laifi a dakata 'yan kwanaki a ji yadda ta yi wa wasu. Bayan ta sauka, a shiga saituna a duba ɗaya bayan ɗaya, domin wani lokaci tazarar da ka zaɓa tsakaninka da motar gaba ko ƙarfin gargaɗin karo suna sauyawa.

Tuƙin farko bayan sabuntawa a yi shi da rana, a hanyar da aka sani, hannu biyu a sitiyari, ƙafa a kusa da birki, a ɗauka ba a taɓa hawa motar ba. A lura da wuraren da take yi daidai a da, domin nan ne mutum ya fi sakin jiki. A riƙa goge kyamarori da gilashin gaba, kuma idan an canza gilashin a tabbatar an sake daidaita kyamarar da ke bayansa. A kashe tsarin gaba ɗaya idan hazo ya sauko, ko rana na fuskantar gilashi, ko an iso wurin gyaran hanya, ko an hango motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana a tsaye a gefe, domin abin da ke tsaye cak yana cikin abubuwan da waɗannan tsare-tsare suka fi kasa ganewa a babban gudu. Idan motar ta yi wani baƙon hali, a rubuta lambar manhajar da wurin da lokacin a kai ƙara. Ƙorafin direbobi ne ya tayar da binciken birkin ba gaira ba dalili.

Wanda kuma ke shirin sayo irin wannan mota daga waje ya kawo ta ƙasar da kamfanin ba shi da wakili, ya tambayi dillali wace kwamfuta ce a ciki, wace lambar manhaja take kai, an yi mata gyaran kiranyen da ya shafe ta, kuma za ta ci gaba da karɓar sabuntawa a inda za a kai ta. Motar da ta koyi tuƙi a titunan Kaliforniya ko Shenzhen masu fenti raɗau ba ta san hanyar da babur da a-daidaita-sahu da garken shanu ke rabawa ba. Kuma duk wanda bidiyon mai barci a bayan sitiyari ya faɗo wayarsa, ya goge shi, kada ya tura wa ƙaninsa da ya fara koyon mota.