Gaya da Bengu: idon taru shi ne ma'aunin kifi

Garin Bengu yana cikin gundumar Gaya, jahar Doso, a yankin kwarin Foga, inda ake dafa gishiri tun kaka da kakanni. Kifin kogin Isa da na tafkuna yana cikin abincin mutanen yankin. Ana banda shi, a kai har kasuwannin Najeriya.

To, kifin da aka yanka gunduwa-gunduwa, ba mai iya auna tsawonsa, balle a san ko ya isa yin ƙwai. Saboda haka a wasu tekunan Amurka doka ta tilasta wa masu kamun kifi don nishaɗi su fito da wasu irin kifaye gaɓa da kawunansu, ba a yanka ba.

A Nijar kuwa, hukuma ta bi ta kan kayan su. Tsohuwar dokar su ta ranar 7 ga watan Disamba 1998 ta haramta taru mai ido ƙasa da yatsu 3, watau santimita 6, ta kuma hana guba da nakiya.

Ma'aikatan gandun daji ba za su iya tsaron kowane tafki ba. Sai sarakunan ruwa da masunta sun kama musu, domin ƴan tsakin giwan ruwa da tarwaɗa su samu girma su hayayyafa.