Taurin Totur da Ciwon Wuyan Hannu: Darasi Daga Titunan Makka



A wannan fitowa za mu yi bayani kan wani ciwo da masu hawa babur ke fama da shi amma ba su cika faɗa ba, wato gajiya da sagewar wuyan hannun dama. Sau da yawa ciwon daga babur yake farawa: totur ya yi tauri, hannu yana ta kokawa da shi, har jijiya ta gaji. Mun ɗauki Makka a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, muna da 'ya'ya da dangi da ke neman abinci a can, wasu a unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama, irin su Shara Mansur da Misfala. Na biyu, alhazanmu da ke tashi daga Accra da Tamale kowace shekara suna iya samun kansu a bayan mai babur a kwanakin cunkoso. Abin da za mu faɗa kuma ya shafi kowane mai moto a Nima, Asawase, Sabon Zango ko Tamale.

Abin da ke wahalar da hannu a Makka

Makka gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi. Titunansa hawa ne da gangara, da hanyoyin da aka huda ta cikin dutse. Mai babur a irin wannan wuri ba ya samun sararin sake hannu, kullum yana murɗa totur, yana saki, yana kama birki. Daga Harami zuwa Mina bai kai kilomita 10 ba, zuwa Arfa kuwa kusan 20 ne, amma idan cunkoso ya haɗu, wannan 'yar tafiya tana cin sa'o'i. Masu kai abinci da saƙo ta manhajojin waya irin su HungerStation da Jahez, waɗanda ke aiki da babur, haka suke yini.

Doguwar hanya ita ma da nata. Daga Makka zuwa Jidda kusan kilomita 80 ne, a miƙe, hannu na riƙe da totur a wuri ɗaya ba motsi. Hanyar Hada da ke hawa zuwa Ɗa'ifa kuwa lanƙwasa ce bayan lanƙwasa.

Ga kuma zafi da ƙura. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Irin wannan zafi yana busar da man da ke cikin wayar totur, yana sassauta robar mariƙi, ƙura kuma ta shiga ta cakuɗa da sauran man ta zama kamar laka. Mu ma mun san wannan a lokacin hunturu, musamman a hanyar Kumasi zuwa Tamale.

Yadda totur ke aiki, da dalilin taurinsa

A yawancin baburan da muke hawa, mariƙin dama roba ce da aka sa a kan wani bututu mai juyawa. Idan ka murɗa, bututun ya ja waya, wayar ta buɗe hanyar iska da mai a kafireto ko injekta. Idan ka saki, sifirin ya mayar da komai wurinsa. Wasu baburan waya ɗaya gare su, wasu biyu: mai ja da mai mayarwa.

Abubuwan da suka fi sa shi tauri su ne:

- Wayar ta bushe, ko ƙura da tsatsa sun shiga cikin kubenta.
- Zaren wayar ya fara tsinkewa yana sarƙewa a ciki. Wannan shi ne mafi haɗari.
- An bi da wayar ta inda ta lanƙwashe, ko wani abu ya danne ta, sau da yawa bayan an ɗaura akwatin kaya ko abin riƙe wayar salula a kan babur.
- Robar mariƙi ta zame tana gogar akwatin makunna ko ƙarfen da ke ƙarshen kan babur.
- Datti ya taru tsakanin bututun da ƙarfen, ko ƙarfen ya tanƙware bayan faɗuwa.

Abin da ke faruwa a cikin wuyan hannu

A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wata 'yar matsattsiyar kafa. Ta cikinta igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiyar ji guda ɗaya. Wannan jijiya ita ke ba da ji ga babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Kafar ba ta buɗewa, ƙashi ne da tauraren nama suka kewaye ta.

Idan totur ya yi tauri, sai mutum ya ƙara damƙa, ya kuma karya wuyan hannu baya don ya riƙe gudun. Damƙa mai ƙarfi da karyewar wuyan hannu duka suna ƙara matsi a cikin kafar nan. Girgizar inji kuma tana shiga hannu sosai gwargwadon ƙarfin damƙar. Kwana da kwanaki a haka, igiyoyin su kumbura, su danne jijiyar. Daga nan sai a fara jin yatsu sun sage, ko kamar tururuwa na yawo a cikinsu, ko zafi da ke tada mutum daga barci har sai ya yarfa hannu.

Idan ƙaramin yatsa ne da rabin na zobe suka sage, wata jijiya ce dabam, wadda ake dannewa idan mutum ya jingina nauyin jikinsa a gefen tafin hannu. Idan kuma zafin a gindin babban yatsa yake, a gefen wuyan hannu, igiyoyin wannan yatsa ne suka ji jiki.

Masu ciwon sukari, da masu ƙiba, da masu sanyin gaɓoɓi sun fi saurin kamuwa da wannan matsala. Ga mai sukari, sagewar yatsu tana iya zama alamar ciwon ne ya taɓa jijiyoyi, don haka a auna.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da muhimmanci shi ne, hannun da ke riƙe totur shi ne ke kama birkin gaba, kuma birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayar da babur. Yatsun da suka sage ba sa kama birki a kan lokaci. Totur mai tauri kuma wata rana zai iya maƙalewa a buɗe, a tsakiyar jama'a.

Gwajin minti biyu kafin a fita

1. Inji a kashe, ka murɗa totur har ƙarshe ka saki. Ya kamata ya koma da kansa nan take, har ka ji ƙarar rufewarsa. Idan yana komawa a hankali, ko sai ka taimaka masa, akwai matsala.
2. Ka juya kan babur dama gaba ɗaya ka sake gwadawa, sannan hagu.
3. Ka duba ɗan wasan da mariƙin ke yi kafin ya fara jan waya. A baburai da yawa milimita 2 zuwa 6 ne. Littafin babur ɗinka ya fi kowa sanin nasa.
4. Ka tada inji, giya a firi, ka juya kan babur dama da hagu. Idan ƙarar inji ta tashi da kanta, wayar a matse take ko an bi da ita ba daidai ba.

Wanda babur ɗinsa ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, ya kai wa fita kafin ya ɗauki kowa. Aikin ba mai tsada ba ne: a kwance bututun a wanke, a sa wa wayar man da ya dace da ita, a gyara hanyarta. Giris mai kauri da baƙin man inji suna tara ƙura, kuma wasu wayoyin na zamani suna da santsi a cikinsu, ba sa son kowane irin mai. Wayar da ta fara tsinkewa ba ta gyaruwa, sai sabuwa.

Abu biyu muke roƙo a guje musu. Kada a yanke sifirin ko a sassauta shi don totur ya yi laushi, domin shi ne ke rufe mai idan hannu ya kuɓuce. Kada kuma a ɗaure totur da roba ko igiya don a huta a doguwar hanya.

Yadda za a sauƙaƙa wa hannu

Kafin ka murɗa, ka ɗora hannu yadda wuyansa zai kasance a miƙe da damtse a gudun da ka fi tafiya da shi. Ka sa fita ya juya hannun birki da na kuloci sama ko ƙasa har yatsu su sauka a kansu ba tare da wuyan hannu ya karye ba. Riƙon ya zama sassauƙa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a kan kujera da cinyoyi. Robar da ta cinye ko ta yi santsi a canza ta, domin santsi ne ke sa a ƙara damƙa. Safar hannu tana taimakawa idan ba ta matse wuyan hannu ba.

A doguwar tafiya a tsaya aƙalla duk bayan sa'a guda. A buɗe yatsu a rufe, a juya wuyan hannu a hankali, a sha ruwa. Lokutan salla dama ce ta hutu da ba ta buƙatar tunatarwa. 'Yan'uwanmu na Saudiyya su tuna cewa hukuma tana hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Maganar magani

Ƙwayar rage zafi ba ta gyara waya. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac, idan ana yawan shan su cikin zafi ga ƙarancin ruwa a jiki, suna iya taɓa ƙoda da ciki, kuma ba su dace da masu hawan jini ko gyambon ciki ba sai da izinin likita. Tramadol kuwa mun ga ɓarnar da ya yi wa samarinmu. Yana dusashe hankali, yana iya jawo farfaɗiya, kuma a Saudiyya riƙe shi ba tare da takardar likita ba babban laifi ne.

A je asibiti idan sagewar ba ta wuce bayan an sauka an huta, idan tana tada mutum da dare, idan abu yana faɗuwa daga hannu, ko naman gindin babban yatsa ya fara motsewa. Tun da wuri, takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare da gyaran yadda ake aiki sukan wadatar. Idan an makara, sai allura ko tiyata, wani lokacin kuma ƙarfin yatsan ba ya dawowa duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma idan hannu ya mutu farat ɗaya, tare da karkacewar baki, ko sarƙewar magana, ko raunin ƙafa, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jira. A Saudiyya a kira 997 don motar asibiti, a Makka 911 ma yana aiki, 937 kuwa na neman shawarar likita ne. A nan Ghana a kira 112.

Ga alhazanmu da iyaye

A kwanakin Mina akan samu masu babur da ke ɗaukar alhazai da kuɗi. Jami'an tsaro suna kama irin waɗannan baburan, kuma mai shi ya yini cikin rana yana aiki da hannun da ya gaji. Dattawanmu su lazimci motocin ayarinsu, ko jirgin ƙasa na Masha'ir ga waɗanda aka tsara musu, ko da jiran ya yi tsawo.

Iyaye mata kuma, ku ne kuka fi lura da yaro idan yana yarfa hannu da safe ko kofin shayi na suɓuce masa. Wanda ke Makka, ku tambaye shi idan kun yi waya. Wanda ke gida, ku sa ya murɗa totur ɗin a gabanku ya saki, ku gani ko ya koma da kansa.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, ya kai matafiyanmu ya dawo da su lafiya, amin.