Ba Iskar Jirgi Ke Fasa Jita Ba

Tun da irin su Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, suka fara zagaya Turai da Amurka da jitarsu, matasan makaɗa a Illela da tsallaken iyaka Birnin Ƙonni ke musu kan yadda ake kai kayan kiɗa waje lafiya. Maganar da ta fi yawo ita ce wai iskar sama ce ke tsaga katako, saboda haka ba abin yi sai addu'a da manna takardar "a yi hattara" a jikin jaka.

Wannan zance ba shi da tushe. Rumbun kaya na manyan jiragen fasinja ana daidaita masa iska kamar wurin zaman mutane, shi ya sa har karnuka ake ɗauka a ciki. Yawancin ɓarna a ƙasa ake yin ta, wurin lodi da saukale. A 2008 mawaƙin Kanada Dave Carroll ya ji wata fasinja tana cewa ma'aikata suna jifa da kayan kiɗa a filin jirgin Shikago, daga baya ya tarar da jitarsa ta dala 3,500 a karye. A 2020 Ballaké Sissoko na Mali ya isa Paris daga Amurka ya iske kayan kiɗansa na kora a wargaje, ko da yake hukumar binciken kaya ta Amurka ta ce ba ta buɗe akwatin ba.

Ga inda mutane ke kuskure: taurin akwati kaɗai ba ya isa. Tsirkiyoyin jita na ƙarfe suna jan wuyanta da nauyin kusan kilo 70. Idan akwati ya faɗi, shi ya tsaya cak, kan jitar kuma ya ci gaba da tafiya a ciki, sai wuya ya tsage daidai gindin maɗaurin tsirkiya, alhali a waje ko ƙwarzane babu. Mai kai tukwanen ƙasa kasuwa ya san haka: ba kaurin buhu ke tsare tukunya ba, ciyawar da ya cusa tsakani ce, har ba mai motsi.

Akwatin ƙwarai na falanki ne, gefensa alminiyam, kusurwoyinsa ƙarfe, cikinsa soso mai tauri da aka yanka daidai jikin jitar, da matashi ƙarƙashin wuya. A ɗan sassauta tsirkiya, a cusa tsumma kewaye da kan jitar, a rufe, a girgiza. In an ji ƙwas-ƙwas, aiki bai ƙare ba. Gurmi da kukuma ma haka suke so, don ƙwarya ba ta da haƙurin katako.

Sai batun diyya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, ta ƙayyade abin da kamfanin jirgi zai biya kan kaya, yanzu kusan dala 2,000, sai dai in ka bayyana darajar kayan tun wurin awo ka biya ƙari. Kuma kwana 7 kacal gare ka ka kai ƙorafi a rubuce. Jami'ai ba su cika wahalar da bakinsu wajen faɗa wa fasinja wannan ba.

Mu ma da namu sakacin. Makaɗi zai zuba kuɗi ya sayi jita, ya yi ƙyashin sayen akwati, ya miƙa ta cikin jakar yadi a ɗaure ta a but tare da buhunan albasa daga tashar Illela zuwa Sakkwato. Wadda ta sha wannan tafiya, kafin a kai filin jirgin Sultan Abubakar III ta riga ta jikkata, laifin kuma jirgi za a ɗora wa.