Gidan da banki ya ƙwace: abin da dillali ba zai iya yi maka ba

A Yamai, Garwa ko Njamena, sau da yawa daga bakin dillali ake fara jin cewa banki zai sayar da gidan wani saboda bashi. Sai ya nemi kafin alƙalami, wai don ya "riƙe" maka gidan. Ba shi da wannan iko.

Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin OHADA. A ƙarƙashinsu, gidan da aka ƙwace ta hanyar shari'a gwanjonsa ake yi a gaban kotu ko notar, kuma wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Farashin buɗe gwanjo yana cikin takardar sharuɗɗa, wato cahier des charges. Je ka karanta ta da kanka, ko ka tura lauya.

Ko ka ci gwanjon, da sauran magana. Cikin kwanaki 10 wani na iya ƙara aƙalla kashi ɗaya bisa goma na kuɗin, a sake gwanjo. Dillalai ba su cika faɗin wannan ba. Saboda haka ku rubuta yarjejeniya cewa ba a biyan la'ada sai cinikin ya tabbata.